Oganik ko Muhalli? Amsa ga ɗalibar da ke son zama malamar kemistiri a jami'a

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na gama digirin farko a kemistiri da sakamako mai kyau, na kuma kammala bautar ƙasa. Burina in koyar a jami'a, in riƙa bincike. Zan nemi gurbin digiri na biyu, amma na rasa wanda zan ɗauka tsakanin kemistirin oganik da na muhalli. Oganik nake so a raina, sai dai kowa cewa yake ba mu da na'urori, zan shekara huɗu ban gama ba. Na muhalli kuwa an ce ruwa da ƙasa kawai za ka ɗebo, ka kai a auna, cikin wata shida ka rubuta. Wanne ya fi, kuma yaya hanyar zama malamin jami'a take?

Amsa: Barka kadai, 'yata. Allah ya sa albarka a karatun, ya cika miki burinki.

Waɗanda suka ba ki wannan shawara ba ƙarya suka yi ba, amma rabin zancen suka faɗa miki. Gaskiya ne na'urorin oganik sun yi mana ƙaranci, gaskiya ne kuma akwai masu gama binciken muhalli cikin wata shida. Abin da ba su gaya miki ba shi ne, irin wannan aiki na wata shida takardar digiri kawai yake ba mutum, ba ya mayar da shi mai bincike. Ke kuwa aikin da za ki shekara talatin ko fiye a cikinsa kike nema. Ni da oganik na fara, aiki ne ya ja ni zuwa muhalli daga baya, kuma na haura shekara ashirin ina duba ayyukan ɗalibai a ɓangarorin biyu. Tunda zuciyarki na kan oganik, ki ɗauke shi, ki koye shi ciki da bai, sannan ki tunkari wata matsala ta muhallinmu da shi.

Oganik ilimin sinadaran da aka gina a kan kabon ne: yadda ƙwayoyinsu ke ɗaure da juna, abin da ke sa su haɗu ko su wargaje, da yadda za ki ƙera sabo da hannunki. Ana yawan kafa masa tarihi daga 1828, lokacin da Bajamushe Friedrich Wöhler ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji, wannan dai yuriyar da manomanmu ke zuba wa masara. Shi kuwa kemistirin muhalli ba wani jinsin sinadari ne ya keɓanta da shi ba. Tambayoyi yake bi: wannan abu daga ina ya fito, ina ya nufa, me yake rikiɗewa ya zama a hanya, wa yake cutarwa? Mafi yawan abubuwan da ke damunmu a gona da kasuwa da rafi, kama daga maganin ƙwari, rini, man fetur, har ragowar magungunan asibiti, duk 'ya'yan oganik ne. Shi ya sa wanda ya iya oganik yake shiga muhalli ba wuya. Wanda kuwa bai taɓa riƙe komai ba sai kwalbar samfur da takardar sakamako, ranar da aka tambaye shi "me ya sa haka?" sai ya yi tsuru-tsuru.

Ki tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010. Yara ƙanana suka riƙa suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega. Da farko an yi zaton cizon sauro ne ko sanƙarau. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka aika jinin yaran aka auna sannan aka gano gubar dalma ce. Dutsen zinariyar da ake haƙowa cike yake da dalma, ana kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Aƙalla yara 400 suka rasu. A wasu wuraren an sami dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan a ƙasa, wato kashi goma cikin ɗari na ƙasar da yaro ke wasa a kai. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a Shikira ta Jihar Neja.

To, ga inda kemistiri na gaske ya shigo. Masu binciken da suka duba dutsen ba su tsaya kan "dalma nawa ce" ba, sun tambayi a wace siffa take. Suka tarar da yawanta ta rikiɗe ta zama kabonet, wadda ruwan tsamin ciki ke narkarwa cikin sauƙi ta wuce jini. Wannan ya taimaka wajen bayyana dalilin da ɓarnar ta yi muni haka. Maganin da aka riƙa ba yaran kuwa, DMSA, ƙaramar ƙwayar oganik ce mai hannaye biyu na salfa, da su take damƙe dalma a jiki ta fitar da ita ta fitsari. Haka zaibar da masu haƙar ke kama zinariya da ita: in ta zube a rafi, ƙwayoyin cuta na cikin laka su liƙa mata kabon ɗaya, ta zama guba mai taruwa a jikin kifi ta haura ƙwaƙwalwar mai ci, abin da ya nakasa mutanen Minamata a Japan tun 1956. Ƙarfe ne, amma ba za ki fahimci tafiyarsa ba sai da oganik.

Yanzu bari in yi miki maganar wancan aiki mai "sauƙi". Ki shiga ɗakin karatun kowane sashen kemistiri a Arewa, za ki tarar da kundaye jere reras a kan ƙarafa masu guba a alayyafo, latas da kabeji na lambunan bakin Jakara, ko Challawa, ko Kubanni, ko Kogin Kaduna. Matsalar ta gaske ce. Kamfanonin jima na Challawa da Sharada da Bompai sun daɗe suna sakin ruwa, manoman rani kuma na ban ruwa da shi. Amma kundin bana da na shekara goma sha biyar da suka wuce kusan magana ɗaya suke: an auna, ya wuce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ana kira ga gwamnati. Ba wanda ya ɗora a kan aikin wani.

Ɗauki kuromiyom, wanda ake jima da shi. Na'urar AAS, wadda ake auna ƙarafa da ita, jimillarsa kawai za ta ba ki. Alhali kuwa iri biyu ne masu nisa da juna: mai caji uku, wanda shi ake zubawa a jima, gubarsa da sauƙi kuma ba ya yawo sosai a ƙasa; da mai caji shida, wanda ke bin ruwa ya yi nisa, yana kuma jawo ciwon daji. Mai uku na iya komawa mai shida in ya haɗu da wasu ma'adanan manganis a ƙasa, ko in aka ƙona tarkacen fata. Saboda haka tambayar da ke da amfani ita ce: nawa ne mai shida, a ina yake sauyawa, da rani ko da damina? Kuma ba kya buƙatar na'urar miliyoyi kafin ki amsa. Akwai wani sinadarin oganik, daifenilkabazaid, da in ya haɗu da mai shida cikin ruwa mai tsami sai ruwan ya rine ya zama ja mai ratsin shuɗi, ki auna ƙarfin launin a nanomita 540 da ƙaramar na'urar auna haske da kusan kowane sashe yake da ita. Abin da ya yi ƙaranci a nan tunani ne, ba kuɗi ba.

Sai batun amana a awo, wanda shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Na taɓa zama a kwamitin jarrabawar wani ɗalibi mai hazaƙa. Ya nuna mana tebur, dalmar da ke ruwan rijiyoyin wata unguwa ta fi ta magudanar masana'anta yawa. Na tambaye shi, "Ɗana, ina sakamakon ruwan da ba komai a cikinsa?" Wato tataccen ruwan da ake bi da shi ta duk matakan da aka bi da samfur, don a ga ko ƙazantar daga kwalabe ko asid ta fito. Ya ce bai yi ba. Samfur ya kai wani ɗakin gwaji na kuɗi, bayan mako biyu aka miƙo masa takarda, bai ko ga na'urar ba. Na tausaya masa ƙwarai, domin ba wanda ya koya masa. Ƙa'idar dalma a ruwan sha maikirogiram 10 ce a lita, kuma AAS mai harshen wuta da ƙyar take hango wannan adadi, balle ta auna shi daidai. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: kwalba ɗaya da ba a jiƙa a asid ba ta isa ta sa a rufe rijiyar mutane mai kyau, ko a bar su suna shan mai guba. Duk inda za ki kai samfur, ki tsaya a kan a bar ki ki shiga. Ki kai ruwan da ba komai, ki kai wanda ke kika zuba masa adadin da kika sani ba tare da kin faɗa ba, ki raba samfur ɗaya gida uku ki ba su lambobi daban. In sakamakon ukun bai yi kusa da juna ba, kin san matsayin sauran.

Kada ki ɗauka oganik ɗinmu ya tsira. Namu ciwon shi ne a ɗebo ganyen sabara ko ɓawon marke ko maɗaci, a jiƙa a metanol, a ɗiga wannan a ɗiga wancan, a rubuta cewa akwai alkaloyid da tanin da saponin, a gwada a kan ƙwayar cuta a faranti, a ce an tabbatar da maganin gargajiya. Kusan kowane ganye a duniya yana da waɗannan. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Aikin yana farawa ne lokacin da kika cika doguwar kwalbar tacewa da garin silika, kika zauna kina tarar ɗigo kwalba bayan kwalba, kina ɗiga kowace a farantin TLC mai rarrabe sinadarai tabo-tabo, kina bin wadda ke da ƙarfin maganin har ki ware sinadari guda tsantsa, sannan ki gano ginin jikinsa.

Yana cin lokaci, ba zan ɓoye miki ba. Darbejiyar da ke ƙofar gidan kowa, an ware sinadarin da ke hana ƙwari cinta, azadiraktin, a Ingila a 1968. Sai da aka kusa shekara ashirin kafin a daidaita kan gininsa, sannan Steven Ley na Jami'ar Kambirij da mutanensa suka shekara 22 kafin su ƙera shi a 2007. Tu Youyou ta Sin, wadda ta sami kyautar Nobel a 2015 saboda atemisinin, tushen maganin zazzaɓin da muke sha yau, ba ta ci nasara ba sai da ta gane zafi ne ke lalata sinadarin, ta koma tatsa da sanyi-sanyi. Ki tuna da ita duk ranar da aka ce ki tafasa ganye awa takwas a na'urar tatsa ta Soxhlet don kawai haka aka saba. A gida ma muna da abin nunawa. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta fitar da Niprisan don masu amosanin jini daga masoro, kanumfari, karan dafi da wani ɗan'uwan madobiya. Daga wurin wani mai maganin gargajiya na ƙasar Yarbawa aka samo haɗin, kuma an sa sunansa a takardar mallakar. Wannan ladabi ne da nake so ki riƙe: wanda ya nuna miki saiwa, kada sunansa ya ɓace.

Ni kaina na sha darasi a nan. Na yi wata biyar a kan ɓawon wani icce, ina tacewa da rana, in an ɗauke wuta in jira, har na sami wani mai garai-garai a gindin kwalba, tabo ɗaya tak a faranti. Na naɗe shi kamar jariri na aika waje a yi masa NMR, awon da ke nuna ginin jikin sinadari. Bayan wata biyu amsa ta zo: talet ne, sinadarin da ake sa wa roba don ta yi laushi. Daga jarkar da aka ajiye ruwan narkarwa ya fito, ba daga iccen ba. Ranar ban iya cin abinci ba. Tun daga nan ba na amfani da ruwan narkarwa sai na sake tace shi da kaina, kuma roba ba ta kusantar samfurina. Har yau ina ganin wannan talet ɗin a cikin takardun da aka buga, an jera shi cikin "sinadaran da aka gano a ganye", saboda na'urar tantance sinadarai ta GC-MS ta kawo sunansa kuma ba wanda ya tsaya ya yi tambaya.

To ina ne mahaɗar da nake nuna miki? Na farko, abincinmu. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Barazil. Daga nan aka gano afulatoksin, gubar da wani naman gwari ke saki a gyaɗa da masara in an bar su da danshi. Suya ba ta kashe ta. In aka matse mai, a tunkuza ta fi zama, wato a ƙuli-ƙuli. In saniya ta ci, wani ɓangare ya fito a nono. Tana jawo dajin hanta, kuma in ta tarar da mai ciwon hanta nau'in B haɗarin ya ninka sosai, ga shi kuwa ciwon ya yi yawa a cikinmu. Kasuwar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da ta wuce maikirogiram 4 a kilo. A 2004 masara mai wannan guba ta kashe mutum 125 a Kenya. Abin da zai ba ki sha'awa, in kika haska farantin TLC da fitilar UV a ɗaki mai duhu, za ki ga gubar da idonki, wata tana ƙyallin shuɗi wata kore, daga nan ma suka samo sunayensu na B da G, harufan farko na shuɗi da kore a Turanci. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage gubar, Jami'ar Fasaha ta Minna kuma tana da cibiya sukutum a kan irin waɗannan gubobi. Amma tsakanin rumbun manomi da farantin mai sayar da ƙuli-ƙuli akwai matakai da yawa: shanya, ɓara, zaɓe, suya, matsa, ajiya. A wane mataki gubar ke ƙaruwa, a wanne take raguwa? Mai amsa wannan da awo mai amana ta yi wa matan da ke wannan sana'a aikin da za su gani a ƙasa.

Haka wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda daikulobos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya, wanda wasu ke zubawa don gudun ƙwari. Iyakarsu miligiram 0.01 ce a kilo, an kuwa sami wanda ya kai 4.6. Abin da ke damuna, waken da aka hana shiga Turai irinsa muke ci a ƙosai da alala. Wannan sinadari yana toshe abin da ke sassauta jijiya bayan ta yi aiki, shi ya sa wanda ya sha yake dalalar da miyau yana karkarwa. Yana tashi a iska, yana kuma wargajewa a ruwa, musamman mai kanwa-kanwa. Saboda haka ga tambayoyi: kwana nawa yake ɗauka kafin ya ragu a buhu cikin zafin watan Afrilu? Surfe da wanki suna cire kashi nawa? In ya wargaje, me yake zama, kuma shi abin da ya zama ɗin lafiya ne? Wannan ta ƙarshe sai mai oganik. Kada wani ya karanta wannan ya ce kanwa na wanke guba. Tambayar bincike ce, ba fatawa ba. Mafita ta gaskiya ga mai ajiya ita ce buhun PICS mai ruɓi uku da ke shaƙe ƙwari ba tare da magani ba.

Wadda na fi so in ga wata 'yar Arewa ta riƙe kuwa ita ce ƙuduji, wuta-wutar da ke cinye dawa da gero. Irinsa na iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma, ba ya tsirowa sai ya "ji ƙanshin" saiwar hatsi. Wannan ƙanshi sinadari ne na oganik. An ware na farkonsa, sitirigol, daga saiwar auduga a 1966. Masu ƙira sun haɗa makamantansa, irin su GR24, da dabarar a zuba a gona kafin shuka, ƙuduji ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu. An gwada wannan a gonaki a Burkina Faso. Cikas ɗin shi ne sinadaran na saurin wargajewa a ƙasa, musamman mai kanwa, ga tsadar ƙira. Kin ga aiki ya rabu biyu a hannu ɗaya: ƙera mai araha aikin oganik ne, bin sawunsa a jigawa da fadama aikin muhalli ne. Akwai kuma marinar Ƙofar Mata, inda ganyen baba da toka ke haifar da shuni ta hanyar da za ki iya koyar da rabin darasin oganik na aji uku da ita, a gefe guda ga ruwan rinin zamani na kwarara a kwatocin birni. Ƙetaren iyaka, a Tibiri kusa da Maraɗi, ruwan rijiyar burtsatse mai yawan fuloraid ya tanƙware ƙasusuwan ɗaruruwan yara kafin a farga, alhali awon fuloraid ba wuya gare shi ba.

Batun na'urori. Kafin ki karɓi kowane take, ki rubuta duk awon da zai buƙata, ki gano inda kowace na'ura take, tana aiki yau ko a'a, da kuɗin samfur ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Zariya akwai cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, akwai cibiyar nazarin fata, akwai kuma CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello, mai ƙaramin injin nukiliya tun 2004 da ake auna ƙarafa da shi. NMR ce babbar matsala. Yawancinmu da haɗin gwiwa muka tsallake ta: ki yi tacewa da warewa a gida, ki tafi da tsantsar sinadaranki wata shida wani wuri. Ƙungiyar masana kimiyya ta duniya, TWAS, na ba da irin wannan tallafi, kuma 'yan Najeriya da dama sun yi aikinsu a cibiyar HEJ da ke Karachi a Pakistan ta wannan hanya. Akwai DAAD ta Jamus, akwai tallafin Commonwealth, akwai PTDF ga abin da ya shafi mai, akwai kuma shirin Faculty for the Future na gidauniyar Schlumberger wanda mata kaɗai yake ɗauka. Wasiƙar da ta ce "ga sinadari huɗu da na ware, ga hoton farantinsu" ta fi wadda ta ce "ina sha'awar aiki da ku" samun amsa nesa ba kusa ba.

Tsanin aikin kuwa sananne ne. Mai digirin farko da sakamako mai daraja ta ɗaya, ko ta biyu babba, ana ɗaukarsa a matsayin GA, wato ƙaramin malami mai digirin farko. Da digiri na biyu ya zama Mataimakin Lakcara, sai Lakcara II, Lakcara I, Babban Lakcara, Mataimakin Farfesa, sannan Farfesa. Galibi shekara uku ce mafi ƙaranci tsakanin mataki da mataki, kuma a yawancin jami'o'i ba a wuce Lakcara I sai da digiri na uku. A matakai biyu na ƙarshe ana aika takardunki ga farfesoshin wasu jami'o'i su karanta a ɓoye. A nan ne waɗanda suka tara takardu a mujallun biya-a-buga-gobe suke jin kunya. Takarda biyar masu bin zare ɗaya, kowace ta ɗora a kan ta baya, sun fi ashirin da aka tsinto nan da can. In kin sami aiki a jami'ar gwamnati, TETFund na da tallafin ƙaro karatu da na ƙananan bincike. In gurbin jami'a bai samu nan take ba, kwalejin kimiyya da fasaha, kwalejin ilimi, NAFDAC ko hukumar kare muhalli ta NESREA duk wurare ne da za ki fara, wasu ma sun fi jami'a na'urori. Ki shiga Ƙungiyar Masana Kemistiri ta Najeriya tun yanzu, ki riƙa zuwa taronta na shekara.

Albashi ba zai sa ki yi arziki ba. Aji ɗaya na 'yan shekarar farko zai iya kai ɗalibi ɗari da yawa, ke za ki duba takardunsu. Yajin aikin 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, samfuran mutane da yawa sun lalace a firjin da ba wuta. Ki tsara aikinki yadda in an rufe makaranta kina da abin karantawa da rubutawa, ki kuma busar da duk abin da kika tatsa kafin ki ajiye.

Akwai maganar da zan yi miki a matsayin uba. Benzin na jawo dajin jini. Kulorofom da daikulorometen na taɓa hanta, heksen na taɓa jijiyoyi. Kada ki buɗe su sai a akwatin zuƙe hayaƙi mai aiki, kada ki taɓa zuƙar sinadari da baki ko da kin ga manya na yi, ki tura gefen hijabinki cikin farar riga in kina kusa da wuta. In Allah ya kawo aure da juna biyu a tsakiyar karatu, ki sanar da malaminki da wuri, ki mayar da waɗannan watanni na karatu da lissafi da rubutu, ki bar aikin ɗakin gwaji. Na ga mata da yawa sun yi haka sun gama lafiya. Ragowar ruwan narkarwa kuma a tara a kwalba a sake tacewa, kada a tuttula a kwata, domin kwatar nan lambun wani take zuwa.

Zaɓen malami ya fi zaɓen sunan fanni muhimmanci, don sau da yawa takardar za ta ce oganik ko analitika, wato fannin awon sinadarai, alhali aikin na muhalli ne. Kafin ki cike fom, ki ware mako biyu. Ki zauna a ɗakin karatun sashen ki karanta kundayen ɗaliban malamin da kike hari na shekara biyar da suka wuce, ki ga ko suna bin hanya ɗaya ko kowa ta kansa ya yi. Ki nemi biyu daga cikinsu ki tambaye su a keɓe: yana shiga ɗakin gwaji? Kwana nawa babi ke yi a teburinsa? Sunan wa ke zuwa farko in an buga aikin ɗalibi? Sannan ki sayi littafi mai kauri, ki sa wa shafukansa lamba, ki ɗauki wani ɗan'uwanki ku je kasuwar Dawanau. Ki gaida masu wake da masu gyaɗa, ki tambaye su me suke sawa a buhu, wane wata, nawa, kuma kwana nawa kafin su fitar. Ki rubuta da kalmominsu. In kin dawo ki aiko mini da abin da suka ce, sai mu zauna mu fitar da taken da za ki kai wa malamin.